Yadda Na Shiga Akwatin 'Yan Rufa Ido a Masar

Tun da na dawo ƙafa ba ta ɗauke a gidanmu ba. Wannan ta shigo, "Maman Abba, sannu da hanya, ya Masar?" Kafin in miƙa mata dabino wata ta yi sallama. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ni ba yarinya ba ce. Na san da yawanku ba labarin Masar kuka zo ji ba, labarin ɗana kuka zo ji, don duk kun ga bidiyon nan, wasunku ma ku kuka tura wa wasu. To bakina ya gaji. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce tunda na iya riƙe biro in rubuta sau ɗaya, mai son ji ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata. In kun ji zafi a ciki ku yi haƙuri. Kun san ni, shekara da shekaru muna tare a Azare ba wadda ta taɓa jin muryata ta haye katanga. Wannan karon raina ne ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba.

Ga wadda ba ta san mafari ba. Abba ɗan farina ne, shi ya sa ba zan rubuta sunansa na yanka ba. Shekararsa uku a Alƙahira yana karatun addini. Sai ga bidiyo ya shigo gari ana tura shi waya zuwa waya: Abba cikin baƙar kwat, ya kwantar da wata Balarabiya a akwati, kanta a waje, ƙafafunta a waje, ya sa zarto ya raba akwatin biyu, ya ja rabi nan rabi can, matar tana murmushi tana motsa yatsun ƙafa. Kafin Juma'a ta zagayo gari ya yanke hukunci: an tura yaro neman ilimi ya koyo sihiri.

Malam, mahaifinsa, shi ne na'ibin masallacin unguwarmu. Ranar da liman bai fito ba ya matsa gaba zai ja salla, sai wani dattijo ya dafa kafaɗarsa, aka sa wani. Ya shigo gida bai taɓa abinci ba. Ya kira Abba a waya ya ce, "Gaya mini yadda ka yi." Abba ya ce dabara ce kawai, ba aljani ba boka, amma ya yi rantsuwa ba zai faɗi yadda ake yi ba. Malam ya kashe wayar. Ya dube ni ya ce, "Zan tsaya a ƙofar masallaci in shaida wa jama'a na cire shi daga cikin 'ya'yana."

Na durƙusa na roƙe shi ya dakata sai na je na gano da idona. Da ƙyar ya ce ya ba ni zuwa ranar da zan dawo. Na san an ce ba ni da kunya, uwa ta ƙetare hamada saboda ɗan fari. Masu faɗa su yi ta faɗa. Ƙanena na Kano ya yi mini fasfo da tikiti, dama ya daɗe yana cewa in je a duba mini gwiwar nan.

Daga Azare zuwa Kano, tafiyar da muka saba gamawa kafin azahar, sai da ta kai mu bayan la'asar. Kowane shinge sojoji su ce a sauka a wuce da ƙafa, hannu a sama. Ni ga gwiwa, ga ƙunshin daddawa da ban yarda in bar shi a mota ba. A wani shingen soja ya nuna ƙunshin da bakin bindiga ya ce, "Mama, mene ne wannan?" Na ce daddawa ce. Ya buɗe, ya sansana, ya kau da kai, ya ce in wuce da sauri.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Kano mai sarin abaya. Ita ta ɗaure mini igiyar kujera, ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayi, bayan na tsaya ina ta ƙwanƙwasawa alhali ba kowa a ciki. Ta ce, "Baiwar Allah, kalma ɗaya za ki riƙe a Masar: ma'alish, wato a yi haƙuri. In an taka ki, ma'alish. In mota ta buge ki, ma'alish. In ke kika yi laifin, ki riga su faɗa." Ban san zan ji kalmar nan har ta fita daga raina ba.

Da muka sauka aka ware mu gefe, mu 'yan Najeriya, a duba katin allurarmu. Nawa na ɗaure shi a bakin zani tare da fasfo, sai da na juya baya na kwance, layi yana jirana. Daga nan aka zo kan kaya. Ma'aikacin ya buɗe ƙunshina, ya ja da baya, ya kira abokinsa, abokin ya kira wani. Suka taru su uku suna toshe hanci. Na ce abin miya ne, na kwatanta da hannu. Ɗaya ya ɗauke ta da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara ya ce, "Ma'alish, ya Hajja." Daddawar da ta tsallake duk sojojin hanyar Kano, nan ta ƙare.

Abba yana bakin ƙofa. Ya rame. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Larabawa suna ta kallonmu. Na ce ya tashi. Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla: ga wani zoben azurfa a ƙaramin yatsa, wanda ba da shi ya bar gida ba. Wani Balarabe mai furfura ne ya zo ɗaukarmu a motarsa. Shi ma da irin zoben. Da za su rabu na ga gaisuwarsu ba irin ta mutane ba ce, ana haɗa hannu ana danna wani wuri da babban yatsa. Na tambayi ko wane ne, Abba ya ce, "Ɗan'uwa ne, Inna." Na ce, "Ni ban haifi wannan ba."

An sauke ni a unguwar Madinat Nasr, gidan wata Hajja Batula, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun tashi daga ƙasar Katagum da ƙafa za su Makka, hanya ta ajiye su a Sudan, ita kuma aure ya kawo ta Alƙahira, mijin ya rasu, ta zauna tana yi wa ɗalibai kisra, wata siririyar gurasar Sudan, da miyar kuɓewa. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai duk kalma uku ɗaya Larabci. Hawa na biyar take, na'urar hawa ta lalace tun kafin in zo. Mai gadin gidan, bawwab suke ce masa, kullum na wuce shi ina haki sai ya ce gobe za a gyara, ma'alish.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, akwai abin da ya burge ni. Mace ba ta sauka sayen tumatir. Kwando take zurawa da igiya ta taga, mai kaya ya zuba, ta janye. Na ce da muna da bene a Azare da mun huta da aiken yara. Mai iskar gas kuwa ba ya kira da baki, ƙarfe yake bugawa a jikin tukunyar tun safe, ranar farko na zaci gobara ce na ɗauki mayafina. Abincinsu wake da gurasa da safe, wake da gurasa da rana. Akwai wani wai shi koshari, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba maka. Miyar da suke alfahari da ita, mulukiya, da na ɗanɗana na ce wa Hajja Batula, "Ai lalo ce." Ta ce, "Lalo ce wallahi, ta dai shiga birni." Tsallaka titi kuwa ba a jiran mota ta tsaya. Hajja Batula ta ce in riƙe gefen mayafinta in yi ta salati, kada in yi gudu kada in tsaya.

Kwana biyu da zuwana ɗalibai 'yan gida suka zo gaishe ni. Babbansu wani Ustaz Lawan, ɗan wajen Misau, mai tattausar murya da farar jallabiya. Ya jero mini addu'o'i da Larabci har na rasa inda zan sa amin. A bakinsa na ji abin da Abba ya ɓoye mini: wata biyu ke nan da suka fitar masa da katifa daga gidan da suke haya tare, ba sa bin sa salla, ba sa cin abin da ya dafa. Yanzu a wani ɗaki yake kwana a saman bene a Giza, na ɗaya daga cikin masu zoben nan.

Na ce, "Ustaz, wa ya ɗauki bidiyon?"

Ya gyara zama. "Ni ne, Hajiya. Na je ne in tabbatar. Addini nasiha ne."

"Ka yi masa nasihar?"

"Ai ya ƙi bayani."

"Da ya ƙi, sai ka tura ta Azare? Nasihar tana neman kunnen mutum ɗaya, ta bi ta wayar duk garinmu? Ka san mahaifinsa, ka san lambarsa. Me ya hana ka kira shi shi kaɗai?"

Ya ce, "Ma'alish, Hajiya."

Na ce ya sha shayinsa kada ya huce. Ban ƙara masa ko kalma ba, don in na ƙara ba mai daɗi ba ce.

Da suka tafi na zaunar da Abba. Ya ce ciwon haƙori ne mafari. An kai shi wurin wani tsohon likitan haƙori a unguwar Muhandisin, Dakta Fikri. Tsohon ya ga ya tsorata, sai ya miƙa hannu ya zaro kwabo daga kunnensa, ya sa shi dariya, kafin ya rufe baki an cire haƙorin. Abba ya yi ta komawa yana roƙon a koya masa. Ashe tsohon shi ne shugaban wata ƙungiyar 'yan rufa ido, maza zalla, da likita da tela da direba da lauya, Musulmi da Kirista, suna kiran juna ɗan'uwa. Sai an yi shekara ana kallon halinka kafin a karɓe ka. Ranar karɓa a ɗaure maka ido a shigar da kai ɗaki, ka dafa littafinka ka rantse ba za ka buɗe sirrin sana'a ga wanda ba ɗan'uwa ba, ko uwa ko uba. Mataki uku ne, shi yana na biyu. Ya ce da takardar zamansa ta ƙare su suka bi masa layi, da aka kore shi su suka ba shi ɗaki, in ɗayansu ya mutu su ke ɗaukar makara su riƙe iyalinsa. Karatu kuma bai bari ba, ya ɗauko takardun jarrabawa ya nuna mini.

Na ce, "Duk na ji. Nuna mini yadda ake raba matar."

"Inna, na dafa Alƙur'ani."

"Babanka zai cire ka daga 'ya'yansa."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka zaɓi masu zobe?"

Ya ce, "Ba su na zaɓa ba. Shi Baba ne ya koya mini wanda ya dafa Alƙur'ani ya saɓa ba ya gamawa lafiya. In na faɗa, na zama abin da ya hana ni zama. In ban faɗa ba, na zama abin da ake cewa ni ne. Ki gaya mini wanne zan ɗauka."

Na miƙe na kwashe kofunan shayi.

Ranar Alhamis da la'asar ya kai ni inda zai yi wasa, wani lambu a Giza, bikin zagayowar haihuwar 'yar wani. Yara sun zauna a ciyawa, iyaye a kujera suna shan lemo. Ya fito da tattabara daga hankici. Ya zuba ruwa a jarida bai zube ba. Sannan aka turo akwatin. Ku da kuka gani a waya ba ku ga komai ba. Ni ina zaune kusa, ina jin kukan zarton a jikin katako, sai na ji bakina yana karanta Ayatul Kursiyyu ba da shawarata ba. Yaran Masar suna tafi suna ihu, wata tsohuwa kusa da ni tana ɓare gyaɗa ko a jikinta. Su sun san wasa ne. Ni uwarsa, da na yi masa wankan jego, zuciyata ta ce, anya? Wannan anyar ita ta hana ni zama. In ni na yi shakka, me zan kai wa Malam?

Na tuna 'yan dabon kasuwarmu da 'yan tauri. Su ma da sarkinsu, da rantsuwarsu, da gaisuwar da su kaɗai suka sani. Sai dai namu so suke ka yarda asiri ne, waɗannan kuwa suna faɗa da bakinsu dabara ce. Amma in ka ce a nuna maka, duk bakinsu ɗaya.

Na ce wa Hajja Batula ta raka ni wurin tsohon. Ta ce, "Yalla, ni ma ina son in ga wannan zol ɗin." Wai mutumin take nufi. Muka shiga ƙaramar bas, muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, a taragon mata, inda wata ta kama zanina tana tambayar ko ina sayarwa. Muhandisin unguwar manya ce, ofisoshi da gilasai. Asibitin haƙorin yana hawa na biyu. Bayan ɗakin jira akwai ƙofa mai koren labule, nan ne ɗakin taronsu. Abba ya riga mu zuwa, yana tsaye kamar wanda za a yi wa bulala.

Dakta Fikri tsoho ne gajere mai gashin baki fari. Ya tarbe mu da shayi da fara'a, ya miƙo hannu zai zaro wani abu daga gefen mayafina. Na ja da baya na ce wa Hajja Batula, "Gaya masa ba wasa na zo ba."

Na faɗi komai tana juya masa da Larabci. Ya saurara har ƙarshe, ban ɗauke masa wannan ba. Ya ce Abba yaron kirki ne, hannunsa yana da kyau, kuma zai rubuta wa mahaifinsa takarda da hatimin ƙungiya cewa babu sihiri a ciki.

Na ce, "Takardar shugaban matsafa ce za ta wanke matsafi? Haka za a karanta ta a garinmu. Ka sake shi daga rantsuwar, sau ɗaya, ya gaya wa ubansa."

Ya girgiza kai. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Mahaifinsa yana cikin wata ƙungiyar manyan gari ta da, masu taro ƙofa a rufe, wadda hukuma ta rufe tun yana saurayi. Da yawa daga cikinsu 'yan rufa ido ne, don mai iya riƙe sirri a can shi ne mai iya riƙe shi a nan. Da aka watse sai suka kwaso zoben da gaisuwar da ɗaure idon suka kawo cikin sana'a. Ya ce rantsuwar ba a hannun mutum take ba balle mutum ya kwance.

Na ce, "To ni ku rantsar da ni in gani."

Hajja Batula ta juya masa maganar, ya yi dariya. Ya ce ba a karɓar mata, tun kafuwarsu ba a taɓa yi ba. Ma'alish.

A nan ne haƙurin da kuka san ni da shi ya ƙare. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Tambaye shi, yana da 'ya'ya? Tambaye shi, da ya ɗaure wa ɗan mutane ido ya sa shi dafa Alƙur'ani, ya tambaye shi daga wace ƙasa ya fito, da abin da ake yi wa mai wannan suna a can? Shi in an tashi wasa gida zai koma, jikokinsa su hau cinyarsa. Nawa ba shi da gidan komawa. Kuna ce masa ɗan'uwa, kun ba shi ɗaki a saman bene, kun karɓe masa uba. Wannan wace irin musaya ce?" Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Kuma ƙarya ne babu mace. Wadda ake yankawa fa? Tana cikin akwatin ba ta san abin da ake yi da ita ba?"

Da Hajja Batula ta gama juyawa tsohon ya ajiye kofinsa. Ya daɗe yana murza gashin baki. Sannan ya ce gaskiya ne, ƙofa ɗaya ce ga mace. Wadda za ta shiga akwati dole ta sani, don haka ana rantsar da ita ƙaramar rantsuwa, ba zobe, ba zama a taro. Amma sharaɗin shi ne sai ta shiga da jikinta an yi wasan da ita. Ba a nuna wa mai tsaye.

Abba ya ce, "Inna, a'a. Gwiwarki. Jiya aka yi miki allura."

Na ce, "Kai ka yi mini shiru."

Hajja Batula ta kama hannuna. "Ya ukhti, 'yar'uwata, ke da girmanki? In aka ji a gida?"

Na ce, "Abin da aka ji a gida ya fi wannan."

Kafin in rantse sai da muka yi ciniki a kan kalmomin. Na ce ba zan faɗi yadda ake yi ba, amma a bar ni in faɗi abin da babu a ciki, in kuma faɗi cewa na shiga. Ya yarda. Na yi alwala a wurin wanke bakin masu ciwon haƙori. Aka bar Hajja Batula a ɗakin jira, aka ɗaga koren labulen. Ɗaki ne kamar kowane ɗaki, kujeru a jere, hotunan tsofaffi a bango, ƙurar da ba macen da ta taɓa sharewa. Na dafa Alƙur'ani na faɗi abin da Abba ya juya mini. Aka turo akwatin. Na tattare zanina, na gyara hijabina, na hau da taimakon kujera, ni Maman Abba, mai jika huɗu, na kwanta a akwatin 'yan rufa ido a tsakiyar Alƙahira. Ɗana ya ɗauki zarto, hawaye yana zuba a kan murfin.

Abin da ya faru a ciki ba zan rubuta ba, kada ma wata ta zo ta ce in raɗa mata. Abin da aka yarje mini in faɗa shi ne wannan: babu turare, babu layu, babu karatun komai, ba a kira sunan kowa ba. Katako ne da ƙusa da aikin kafinta mai hankali. Zan ƙara da cewa kwana biyu sai an riƙe ni nake hawa benen Hajja Batula.

Da aka buɗe murfin tsohon yana murmushi, yana jiran in yi dariya kamar yadda ya ce kowa yake yi. Ban yi ba. Na zauna a bakin akwatin ina kallonsa. Wai wannan ne. A kan wannan aka janye mijina daga gaban sahu, a kan wannan aka jefar da katifar ɗana. Na ce wa Abba, "Gaya masa na gode da shayi. Gaya masa kuma nan gaba in baƙo ya zo, kafin a ɗaure masa ido a tambaye shi ko yana da uwa." Tsohon ya buɗe baki, na ga kalmar nan tana tahowa. Na ɗaga masa hannu. Ya haɗiye ta.

A hanyar dawowa ba abin da ya same ni sai kumburin ƙafa. Na iso Azare ranar Laraba da hantsi. Malam ya bari na yi wanka na ci abinci, sannan ya shigo ya zauna a bakin gado.

"Kin gani?"

"Na gani. Ni kaina na shiga akwatin, shi ya riƙe zarton. Malam, babu sihiri. Aikin kafinta ne."

"To yaya ake yi?"

"Na rantse ba zan faɗa ba."

Ya miƙe tsaye. "Ke ma? Na bar ki ki je ki ciro shi, sai suka haɗa da ke? To me zan gaya wa mutanen masallaci?"

"Ka ce matarka ta gani da idonta."

"Shaidar mace ɗaya?"

Shekara talatin da ɗaya ina gidan Malam ban taɓa mayar masa da magana ba. Na sunkuyar da kai, don ba zan iya faɗa ina kallonsa ba. Na ce, "Ranar da aka haife shi, shaidar mace ɗaya ce ta ce naka ne. Ba ka nemi ta biyu ba, ka yanka rago."

Ya sa takalmansa ya fita. Na zauna inda nake ina jiran ko dai a zo a ce mini ya tsaya a ƙofar masallaci, ko a miƙo mini takardata. Aka yi azahar bai shigo ba. Aka yi la'asar. Sai na ji tafiyarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya miƙo mini wayarsa.

"Na goge lambar. Sa mini."

Na sa. Ya karɓa ya kanga a kunne. Na ji muryar Abba can nesa tana sallama. Malam ya amsa, ya kira shi da cikakken sunansa na yanka, sunan mahaifin Malam ɗin ne. Ya ce, "Ni ban gani ba, kuma ban so ba. Amma uwarka ta tsaya maka, na karɓa. Yaushe ne jarrabawarku?"